Lauya kyauta ga marar hali: Abin da dokokin tarayya da na jihohi suka tanada wa wanda ake tuhuma

Unguwar Jabi da ke Abuja tana cikin wuraren da harkar shari'a ta taru wuri guda. A nan ne wani reshe na Babbar Kotun Birnin Tarayya yake zama, a nan Kotun Ɗa'ar Ma'aikata take, kuma a nan ne hedikwatar hukumar EFCC, wadda aka buɗe a watan Mayun 2018, take. Manyan mutanen da ake gurfanarwa a waɗannan wurare kan iso da tawagar lauyoyi. Sai dai a wannan unguwar kuma akwai babbar tashar mota, da direbobi, da 'yan kamasho, da 'yan dako, da masu shayi, waɗanda idan ƙaddara ta kai ɗayansu hannun 'yan sanda, ba shi da abin da zai ɗauki lauya.

Doka ba ta bar irin wannan mutum haka nan ba. Kundin Tsarin Mulki da wasu dokoki na tarayya da na jihohi sun tanadar masa lauyan da zai kare shi ba tare da ya biya ko sisi ba, kuma wannan haƙƙi yana farawa ne tun daga lokacin da aka kama shi, tun kafin ya ga fuskar alƙali. Amma irin hidimar da zai samu, da ofishin da zai nufa, sun danganta da inda aka kama shi da kuma laifin da ake tuhumarsa da shi.

Tushen haƙƙin a Kundin Tsarin Mulki

Sashe na 36 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 shi ne ginshiƙin shari'ar adalci a Najeriya. Ya tanadi cewa duk wanda ake tuhuma da laifi ana ɗaukarsa marar laifi har sai an tabbatar da laifin a kansa. Ya kuma ba shi haƙƙin a sanar da shi laifin dalla-dalla cikin harshen da yake ji, a ba shi isasshen lokaci da damar shirya kariyarsa, ya kare kansa da kansa ko ta bakin lauyan da ya zaɓa, ya yi wa shaidun masu gabatar da ƙara tambayoyi, kuma a samar masa da tafinta kyauta idan ba ya jin harshen da ake shari'ar da shi.

Sashe na 35 kuwa ya shafi wanda yake tsare. Yana da ikon yin shiru, ya ƙi amsa kowace tambaya har sai ya gana da lauya ko wani mutum da ya zaɓa. Wajibi ne a sanar da shi dalilin kama shi a rubuce cikin awa 24. Wajibi ne kuma a kai shi kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotun da ke da hurumi a tazarar kilomita 40, ko cikin kwana biyu idan babu, sai dai in kotu ta ga akwai dalilin ƙarin lokaci. Ga wanda aka kama a Jabi ko a kowace unguwa ta tsakiyar Abuja, wa'adin kwana ɗaya ne yake aiki, domin kotuna suna kusa. Wannan wa'adi bai shafi wanda ake zargi da laifin da hukuncinsa kisa ne ba.

Ikon zaɓen lauya ba shi da amfani ga wanda aljihunsa babu komai. Saboda haka ne sashe na 46 ya ɗora wa Majalisar Dokoki ta Ƙasa nauyin yin tanadi domin a tallafa wa ɗan ƙasa marar hali wanda aka tauye masa haƙƙi, ta yadda zai iya samun lauyan da zai bi masa kadi. Ban da wannan, Najeriya ta shiga Yarjejeniyar Ƙasa da Ƙasa kan 'Yancin Jama'a da na Siyasa a 1993, wadda sashenta na 14 ya tanadi lauya kyauta ga marar hali idan adalci ya buƙaci hakan. Ta kuma mayar da Yarjejeniyar Afirka kan Haƙƙin Ɗan Adam da na Al'ummomi dokar cikin gida a 1983.

Yadda tsarin ya samo asali

Kafin a kafa hukuma ta musamman, kotu ce ke naɗa wa mutum lauya, kuma a manyan laifuka kaɗai. A Arewa, dokar tsarin shari'ar laifuka da ta fara aiki a 1960 tare da kundin Final Kod ta tanada a sashenta na 186 cewa idan ana tuhumar mutum da laifin da hukuncinsa kisa ne kuma ba shi da lauya, kotu za ta naɗa masa. Wanda ake tuhuma da sata ko faɗa ko jikkata wani, shi kaɗai yake tsayawa gaban alƙali.

A 1974 wasu lauyoyi ƙarƙashin jagorancin Chimezie Ikeazor suka kafa ƙungiyar sa-kai domin kare marasa hali. Fafutukarsu ce ta kai ga gwamnatin mulkin soja ta Janar Olusegun Obasanjo ta fitar da Doka mai lamba 56 ta 1976, wadda ta kafa Hukumar Ba da Tallafin Shari'a ta Ƙasa, wadda aka fi sani da Legal Aid Council. Da farko aikinta ya taƙaita ga manyan laifuka irin su kisan kai da mummunan rauni. An yi wa dokar gyara a 1986 da kuma 1994 domin faɗaɗa huruminta, sannan a 2011 aka soke ta gaba ɗaya aka maye gurbinta da sabuwar Dokar Tallafin Shari'a, wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu. Ita ce ake aiki da ita har yanzu.

Hukumar tana ƙarƙashin Ma'aikatar Shari'a ta Tarayya. Hedikwatarta tana Abuja, kuma tana da ofisoshi a jihohi 36 da Birnin Tarayya.

Wa ya cancanta, kuma a kan wane laifi

Dokar 2011 ta raba aikin hukumar gida uku: kare waɗanda ake tuhuma da laifi, ba da shawara da wakilci a ƙararrakin da ba na laifi ba, da kuma wayar da kan al'umma kan haƙƙoƙinsu.

Ma'aunin rashin hali a dokar shi ne mafi ƙarancin albashi na ƙasa. Sashe na 10 ya ce wanda abin da yake samu bai wuce wannan adadi ba shi ne ya cancanci tallafi. Lokacin da aka yi dokar, mafi ƙarancin albashi naira 18,000 ne a wata. Ya koma naira 30,000 a 2019, sannan naira 70,000 a watan Yulin 2024. Ke nan duk lokacin da aka ƙara albashi, layin cancanta ma yakan matsa gaba. Dokar ta bai wa kwamitin gudanarwar hukumar ikon amincewa da tallafi ga wanda samunsa ya haura hakan idan akwai dalili na musamman, ko kuma bisa sharaɗin cewa zai ba da gudummawa wajen kuɗin shari'ar.

Laifukan da dokar ta lissafa sun haɗa da kisan kai da gangan da wanda ba da gangan ba, da mummunan rauni, da duka, da faɗa a bainar jama'a, da sata, da fyaɗe, da fashi da makami, tare da taimakawa ko haɗa baki wajen aikata ɗayansu. A ɓangaren ƙararrakin da ba na laifi ba, ta ambaci neman diyyar haɗari, har da wanda ya samu ma'aikaci a wurin aiki, da kuma ƙarar tauye haƙƙin ɗan Adam.

Lauyoyin da ke wannan aiki iri huɗu ne. Akwai ma'aikatan hukumar da ke karɓar albashi. Akwai lauyoyi masu zaman kansu da hukumar ke ajiye sunayensu a rajista tana miƙa musu shari'o'i. Akwai lauyoyin da ke yi wa ƙasa hidima, waɗanda dokar ta ba hukumar ikon sa su aiki, a biya su alawus da kuɗin mota kawai. Akwai kuma masu aikin sa-kai. Domin ƙarfafa wannan rukuni na ƙarshe, sashe na 18 ya shar'anta cewa duk lauyan da ke neman lambar girma ta SAN sai ya nuna shaidar cewa ya gudanar da aƙalla shari'o'i uku kyauta a shekarar shari'ar da ta gabata, kuma ya mayar da watsi da irin wannan shari'a saɓa wa ƙa'idar aikin lauya. Dokar ta kuma amince da cibiyoyin ba da shawara na tsangayoyin shari'a a jami'o'i, da ƙungiyoyi masu zaman kansu, da mataimakan lauyoyi da suka samu horo.

Daga ofishin 'yan sanda zuwa kotu a Abuja

Birnin Tarayya ba shi da majalisar dokoki tasa kamar jihohi. Bisa sashe na 299 na Kundin Tsarin Mulki, Majalisar Dokoki ta Ƙasa ce ke yi masa doka. Don haka dokar da ke tafiyar da shari'ar wanda aka kama a Jabi ita ce Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka ta 2015, wadda lauyoyi ke kira ACJA. Tana aiki a kotunan Abuja da kuma kotunan tarayya a duk faɗin ƙasa.

Sashe na 6 na wannan doka ya wajabta wa jami'in da ya yi kamu ya sanar da wanda ya kama cewa yana da ikon yin shiru, da ikon ganawa da lauya kafin ya yi bayani ko ya sa hannu a takarda, da kuma ikon samun lauya kyauta daga Hukumar Tallafin Shari'a idan ya cancanta. Haka kuma hukumar da ke tsare da shi za ta sanar da danginsa ba tare da ta caje shi komai ba. Dokar Tallafin Shari'a ma, a sashenta na 19, ta ɗora wa 'yan sanda da kotuna nauyin sanar da hukumar idan wanda ake zargi ba shi da halin ɗaukar lauya kuma yana so a wakilce shi. Sashe na 7 na dokar 2015 ya haramta kama wani a madadin wanda ake nema, sashe na 8 kuma ya haramta kama mutum kan rikicin da bai wuce na bashi ko saɓa yarjejeniya ba.

Mataki mafi haɗari ga marar lauya shi ne ɗaukar bayani. Mutane da dama sun sa hannu ko sun dangwala yatsa a takardar da aka rubuta da Turanci ba tare da sun san abin da ke cikinta ba, daga bisani takardar ta zama hujja mafi ƙarfi a kansu. Sashe na 17 ya tanadi a ɗauki bayani a gaban lauyan mutum, idan kuma ba shi da lauya, a gaban jami'in Hukumar Tallafin Shari'a ko wakilin ƙungiyar farar hula ko wani mutum da ya zaɓa. Idan ba ya jin Turanci, tafinta zai karanta masa abin da aka rubuta har ya fahimta. Sashe na 15 ya yi tanadin ɗaukar bayanin amsa laifi a bidiyo. Kotun Ƙoli ta ƙarfafa waɗannan tanade-tanade a shari'ar Charles da Jihar Legas a 2023, da kuma shari'ar Gwamnatin Tarayya da Nnajiofor a 2024, inda ta yanke cewa bin su wajibi ne a kan masu bincike.

Idan bincike bai kammala ba, masu gabatar da ƙara kan nemi majistare ya ba da umarnin tsarewa. Dokar ta ƙayyade wannan umarni ga kwana 14, ana iya ƙara wasu kwana 14 idan an kawo dalili a rubuce. Bayan haka kotu za ta gayyaci hukumomin da abin ya shafa su bayyana dalilin da zai hana a saki mutumin, idan kuma ba su gamsar da ita ba, ta sallame shi. Waɗanda kotunan Abuja suka tsare ana kai su gidan gyaran hali na Kuje, wasu kuma Suleja a Jihar Neja ko Keffi a Jihar Nasarawa. Lauya ne ke lura da cikar waɗannan wa'adoji ya tunatar da kotu. Wanda ba shi da mai tunatarwa, sau da yawa fayil ɗinsa yakan kwanta.

A gaban kotu, sashe na 349 ya umarci alƙali ya sanar da wanda ya bayyana ba lauya haƙƙinsa, ya tambaye shi ko zai ɗauki nasa ko yana son a samar masa ta hanyar tallafi. Dokar ta kuma tanadi fom da ake haɗawa da shawarar ofishin Daraktan Gabatar da Ƙararraki, wanda mutum zai cike ya nuna yana buƙatar lauyan hukumar. Ga ƙananan yara, Dokar Haƙƙin Yara ta 2003, wadda ke aiki a Birnin Tarayya, ta ba yaro haƙƙin lauya kyauta a duk shari'ar da ta shafe shi.

Laifukan da hukuncinsu kisa ne

A nan doka ta fi tsauri. Nauyi ne a kan kotu ta tabbatar cewa wanda rayuwarsa ke kan sikeli yana da lauya. A shari'ar Josiah a 1985, Kotun Ƙoli ta soke hukuncin kisa da aka yanke wa wani mutum da aka yi wa shari'a ba tare da lauya ba, ta ce an tauye masa haƙƙin shari'ar adalci, ta ba da umarnin a sake shari'ar. Tun daga lokacin kotuna ke dogaro da wannan hukunci.

Darasin ya shafi masu gabatar da ƙara da iyalan wanda aka zalunta ma. Hukuncin da aka samu ba tare da bin wannan ƙa'ida ba yakan rushe a ɗaukaka ƙara bayan shekaru, a koma gidan jiya, a lokacin da watakila shaidu sun watse ko sun rasu. Samar wa wanda ake tuhuma lauya tun farko kariya ce ga hukuncin kansa.

Abin da jihohi suka tanada

Mafi yawan laifukan da ake kai talakawa kotu a kansu, kamar sata da faɗa da kisa, laifuka ne a ƙarƙashin dokokin jihohi, kuma kotunan jihohi ne ke sauraronsu. Duk da haka, hukumar da aka ɗora wa nauyin kare marasa hali ta tarayya ce. Wannan ne ya sa wasu jihohi suka kafa nasu ofisoshin.

Jihar Legas ce ta fara. Ta buɗe Ofishin Lauya Mai Kare Jama'a a watan Yulin 2000, zamanin Gwamna Bola Ahmed Tinubu, lokacin Farfesa Yemi Osinbajo yana Kwamishinan Shari'a. Majalisar jihar ta yi wa ofishin doka a 2003. Yana kare mazauna jihar marasa hali a shari'o'in laifi, yana kuma shiga rikicin ma'aikata da iyayen gidansu, da na iyali, da cin zarafin mata da yara. Daga baya jihohi irin su Ekiti da Kwara da Ondo da Delta suka kafa ofisoshi masu wannan suna.

A jihohin Arewa maso Yamma an fi bin wata hanyar. Ma'aikatun shari'a na Kano da Kaduna suna da sassan kare haƙƙin 'yan ƙasa, waɗanda ke karɓar koke da yin sulhu da ba da shawara kyauta. Jigawa ta kafa cibiyoyin shari'a na al'umma a ƙarƙashin hukumarta ta gyaran harkar shari'a, domin kusantar da hidimar ga mutanen karkara. Wajen tsayawa a kotu domin kare wanda ake tuhuma da babban laifi kuwa, nauyin ya fi faɗawa kan ofishin Hukumar Tallafin Shari'a da ke jihar, da rassan Ƙungiyar Lauyoyi ta Najeriya, da ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA.

Jihohi sun kuma yi nasu dokokin gudanar da shari'ar laifuka. Legas ta riga tarayya, domin ta yi tata tun 2007 ta sabunta ta a 2011. Kaduna ta yi tata a 2017, Kano kuma a 2019. Dokokin sun yi kama da ta tarayya a manyan ƙa'idoji, amma lambobin sassa da tsawon wa'adin tsarewa suna bambanta daga jiha zuwa jiha, don haka abin da ya dace a Abuja ba lallai ya zo daidai da na Katsina ko Sakkwato ba.

Akwai muhawara a tsakanin lauyoyi kan ofisoshin da ke ƙarƙashin ma'aikatun shari'a na jihohi. Kwamishinan Shari'a shi ne shugaban masu gabatar da ƙara, sai ga shi kuma ofishin da ke kare wanda ake ƙara yana ƙarƙashin ma'aikatarsa. Masu suka suna ganin hakan na iya raunana 'yancin lauyan da ke kariya. Masu goyon baya kuma suna cewa doka ta musamman da kasafin kuɗi na daban sun isa su raba ofisoshin biyu, kuma kusancin yana sauƙaƙa bin sawun fayil ɗin da ya maƙale.

Kotunan Shari'ar Musulunci

A zamanin kotunan alƙalai na En'e, da farkon kotunan yanki da suka gaje su, doka ta hana lauyoyi tsayawa a gabansu. A 1982, a shari'ar Uzodinma da Kwamishinan 'Yan Sanda, wata babbar kotu ta yanke cewa wannan hani ya saɓa wa Kundin Tsarin Mulki. A yau lauyoyi suna bayyana a kotunan Shari'ar Musulunci kamar yadda suke yi a sauran kotuna. Wakilci a gaban alƙali ba baƙon abu ba ne a fiƙihun Malikiyya, domin littattafan da alƙalai ke aiki da su, irin su Tuhfatul Hukkam na Ibn Asim, sun keɓe wa wakalci babi.

Ƙa'idar lauya a laifukan kisa ta shafi waɗannan kotuna ma. A watan Janairun 2021, sashen ɗaukaka ƙara na Babbar Kotun Jihar Kano ya soke hukuncin kisa da wata Babbar Kotun Shari'ar Musulunci ta yanke a 2020, ya ba da umarnin sake shari'ar, saboda an yi ta ne ba tare da wanda ake tuhuma yana da lauya ba.

Giɓin da ke tsakanin doka da aiki

Alƙaluman Hukumar Kula da Gidajen Gyaran Hali sun daɗe suna nuna cewa kimanin kashi biyu cikin uku na waɗanda ke tsare a Najeriya masu jiran shari'a ne, ba a yanke musu hukunci ba. Shari'ar Alade da Gwamnatin Najeriya ta nuna inda wannan matsala ke iya kaiwa. An kama mutumin a Legas a 2003, majistare ya tura shi kurkuku a kan tuhumar da ba shi da hurumin saurara, ya zauna fiye da shekara tara ba a fara shari'arsa ba. A watan Yunin 2012 Kotun ECOWAS da ke Abuja ta ce tsarewar ta saɓa wa doka, ta ba da umarnin a sake shi a biya shi diyyar naira miliyan 20.

Shugabannin Hukumar Tallafin Shari'a sun sha kokawa a bainar jama'a kan ƙarancin kuɗi da ƙarancin lauyoyi. Ofisoshinta sun fi yawa a manyan biranen jihohi, alhali kotunan majistare da na Shari'ar Musulunci sun warwatsu a ƙananan hukumomi 774. Ga kuma ayyuka na musamman da ke faɗo mata, kamar kare ɗaruruwan waɗanda ake zargi da alaƙa da Boko Haram a shari'o'in da aka fara a Kainji ta Jihar Neja a watan Oktoban 2017.

An ɗauki matakai domin cike giɓin. A tsakiyar shekarun 2000 hukumar, tare da abokan hulɗa, ta gwada shirin ajiye lauyoyin ko-ta-kwana a ofisoshin 'yan sanda a jihohin Imo da Kaduna da Ondo da Sakkwato. A 2017 rundunar 'yan sanda ta shigar da shirin cikin Umarninta mai lamba 20, wanda ya ba irin waɗannan lauyoyi damar ganawa da waɗanda ke tsare. Dokar 2015 ta wajabta wa babban majistare duba ofisoshin 'yan sanda na yankinsa aƙalla sau ɗaya a wata, inda zai iya ba da beli ko ya umarci a kai mutum kotu. Dokar Hana Azabtarwa ta 2017 ta mayar da azabtar da wanda ake tsare da shi laifi. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta tanadi a ajiye jami'i mai shaidar lauya a kowane babban ofishin 'yan sanda domin lura da kare haƙƙin ɗan Adam. Gyaran Kundin Tsarin Mulki na watan Maris 2023 kuma ya ba jihohi ikon kafa gidajen gyaran hali nasu, abin da zai sa jiha ta fara jin nauyin kuɗin ciyar da kowane mai jiran shari'a da kotunanta suka tsare.

Yadda wasu ƙasashe ke yi

A Amurka, hukuncin Kotun Ƙoli a shari'ar Gideon da Wainwright a 1963 ne ya tilasta wa jihohi samar wa marar hali lauya a manyan laifuka, kuma kowace jiha tana da nata tsarin. Afirka ta Kudu tana da hukuma guda ta ƙasa da ke ɗaukar lauyoyi aiki. Ghana ta sabunta dokar hukumarta a 2018. A Jamhuriyar Nijar, dokar watan Disambar 2011 ta kafa hukumar ANAJJ domin ba da shawara da wakilci ga marasa hali. Sanarwar Lilongwe ta 2004 da Ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya na Disambar 2012 duk sun jaddada abu biyu: a fara tallafin tun daga ofishin 'yan sanda, kuma a yi amfani da mataimakan lauyoyi da ɗaliban shari'a inda lauyoyi suka yi ƙaranci.

Yadda ake neman tallafin

Wanda aka kama zai iya faɗa wa jami'in da ke binciken ƙararsa cewa yana buƙatar lauyan Hukumar Tallafin Shari'a, kuma yana da ikon jinkirta bayani har sai lauyan ko wani da ya aminta da shi ya halarta. Idan an riga an gurfanar da shi, sai ya faɗa wa alƙali da bakinsa cewa ba shi da halin ɗaukar lauya, domin a rubuta a kundin shari'ar. Wanda ke gidan gyaran hali zai iya miƙa buƙatarsa ta hannun jami'in jin daɗin fursunoni, ko lokacin da lauyoyin hukumar ko Babban Jojin jiha suka kai ziyarar duba masu jiran shari'a.

Dangi ma suna iya nema a madadinsa, a ofishin hukumar da ke Abuja ko na babban birnin jiharsu. Abin da ya fi taimaka wa lauya shi ne cikakken sunan wanda ke tsare, da ranar da aka kama shi, da ofishin da ya kama shi, da kotun da aka kai shi, da lambar ƙarar, da ranar da aka ɗage zama. Hukumar za ta duba abin da mutumin yake samu da kuma ko laifin yana cikin huruminta. Idan buƙatar ta fita daga hurumin, akwai Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, da rassan Ƙungiyar Lauyoyi, da cibiyoyin shawara na jami'o'i irin su ta Abuja da ta Ahmadu Bello da ke Zariya da ta Bayero da ke Kano.

Belin 'yan sanda kyauta ne bisa doka, kuma dokar 2015 ta bayyana ƙarara cewa mace tana iya tsaya wa mutum beli. Idan awa 24 ta wuce ba a ba da belin wanda ake zargi da laifin da ba na kisa ba, dokar ta yarda a sanar da kotun da ke da hurumi a madadinsa, a rubuce ko da baki, ita kuma kotu ta umarci a kawo shi gabanta ta binciki dalilin tsare shi.